Tsohuwar karaban da ta shekara 15 ƙarƙashin dogonyaro, in saya ko in bari?

"Assalamu alaikum Baba, ina wuni, ya aiki ya ƙarfe. Dan Allah shawara nake nema. Akwai wata tsohuwar karaban, irin ɗakin nan mai taya da mota ke ja, a gidan wani dattijo nan Sabon Gari, ya ce turawan wani proje suka bar mishi ita da za su tashi, ta fi shekara 15 ajiye ƙarƙashin dogonyaro. An rubuta Caravelair a jikinta. Tayoyin sun kwanta amma daga waje jikin lafiya lau bai lotsa ba, ciki akwai gado da wurin girki da ɗan firigo. Ya ce in ba da jaka 600. Ni kasuwannin ƙauye nake bi ina saida maganin dabbobi, Mirriya, Gidimuni, Matamai, wani lokaci har Tanut, so nake in riƙa kwana ciki maimakon rumfar kasuwa, kuma ina da tsohuwar Hilux. In saya? Me zan duba, kuma in na saya daga ina ake fara gyara?"

Wa'alaikumus salam ɗana, lafiya lau alhamdulillahi, ƙarfe da godiya. Na ji tambayarka, abu uku ne cikinta, ko ta cancanci saye, me za ka duba kafin ka zaro kuɗi, da inda ake sa hannu farko. Ni shekarata ta fi ashirin ina walda da ƙera bodi nan Damagaram kuma karaban huɗu suka bi ta hannuna, to abin da zan gaya maka tun yanzu shi ne duk abin da ka lissafa mini, gado da wurin girki da firigo da jikin da bai lotsa ba, ba shi ne kake saye ba. Abin da kake saye shasi ne, wato ƙarfen ƙasa da ɗakin ke zaune bisa kansa, da ƙashin katakon da ke ɓoye cikin bango, da takarda. In ukun nan na da rai sauran duk muna yin su nan garin da hannunmu, in kuwa biyu daga ciki sun mutu to kallon kitse kake wa rogo, ko kyauta ya ba ka wahala ka ɗauko.

Yadda aka ƙera ta

Caravelair ta Faransa ce, kamfanin jirgin sama na Sud-Aviation ya fara yin ta a 1962, daga jirginsu Caravelle ma sunan ya fito, daga baya ta koma hannun kamfanin Trigano. Amma kar sunan jirgi ya sa ka zaci ƙarfe ce duka. Irin na shekarun 1970 da 1980 kusan duk ɗinki ɗaya ne da su da Sterckeman da Digue da Knaus ta Jamus: a waje alminiyon ne siriri wanda bai kai milimita ɗaya ba, a ciki ƴar falen katako mai kamar milimita 3, tsakaninsu kuma ƴan sandunan katako marar nauyi da soson nan fari na folistiren ko ulun gilas. Sandunan nan su ne ƙashin, su ke riƙe da rufi da taga da ƙofa da kabad, alminiyon riga ce kawai. Shi ya sa za ka ga karaban tana ƙyalli daga waje alhali ciki ta gama ruɓewa, don alminiyon ba ya ruɓa ba ya nuna komai. Wadda ta bambanta ita ce Eriba, ita ƙashinta bututun ƙarfe ne, rufinta kuma ana ɗaga shi sama, matsalarta tsatsa ce a ƙasan bututun ba ruɓa ba. Sai Airstream ta Amurka mai kamar cikin jirgi da ake haɗawa da ribet, wadda a 1959 mai ita Wally Byam ya jagoranci ayari daga Kef Tawun har Alkahira, ita ban taɓa sa mata hannu ba don haka ba zan ce maka komai kan gyaranta ba, kuma ba ita ce gabanka ba.

Mutane na cewa ai nan ƙasar bushewa ce ruwa ba zai ci katako ba. Gaskiya ne tsatsarmu ba ta kai ta wadda ta zauna bakin teku a Lome ko Kwatano ba, wannan ribar muna da ita. Amma namu ciwon daban yake, rana ce ke fara aikin. Duk inda alminiyon ya haɗu da alminiyon, bakin rufi, kewayen taga, ƙofar iskar sama, an sa wani danƙo mai taushi ƙarƙashin ƙarfen da ya danne wurin, to zafin Afirilu da Mayu da ke wuce digiri 40 shekara bayan shekara shi ke busar da danƙon nan ya tsattsage ya zama kamar busasshiyar laka, robar taga ita ma ta ƙanƙance. Sai damina ta zo, ruwan Yuli da Agusta ya bi tsagar nan ya sauka cikin bango inda ba iska, ya kwanta a kusurwa. In katako ya jiƙa ya yi laushi sai gara ta ji labari, ta hau ta tayar da ta kwanta ko ta ƙafafun nan huɗu da ake saukewa ƙasa. Dogonyaron da ka faɗa ya taimaka ya kuma cuta, inuwarsa ta kare tagogi daga rana, amma ganyen da ke taruwa bisa rufi yana riƙe ruwa kwana da kwanaki daidai bakin ɗinki.

Abin da za ka duba kafin ciniki

Ka je da rana, da tocila da turnabis mai tsini da jak. In ka buɗe ƙofa kar ka yi saurin shiga, tsaya ka shaƙa, warin rima ko na tsohon buhun da ruwa ya taɓa ba ya ɓuya ko an share an fesa turare. Sannan ka ɗaga katifu duka ka buɗe akwatunan da ke ƙarƙashin gado, kusurwa huɗun nan na ƙasa nan ne gaskiyar take. Ka danna da babban yatsa, in bango ya shige ko ya yi ƙara kamar busasshen ganye to an gama da wurin. Ka bi ƙasan kowace taga, ka bi cikin kabad na sama inda rufi ya haɗu da bango, ka nemi baƙin tabo ko inda falen katakon ya kumbura ya yi taguwa. Ka taka daɓen ko'ina musamman bakin ƙofa da gaban wurin girki, in yana lotsawa ƙarƙashin ƙafa ka sani. Daga waje kuma ka kama hannayen nan da ke kusurwa waɗanda ake tura ta da su ka jijjiga da ƙarfi, cikin katakon ƙashi aka ɗaure su, in suna rawa katakon ya tafi. Akwai ɗan injin awon danshi da turawa ke amfani da shi, ƙasa da 15 cikin ɗari lafiya, sama da 20 akwai magana, amma a nan in rani ne zai iya nuna maka bushe alhali katakon ya riga ya zama gari tun daminar bara waccan, don haka ni turnabis na fi yarda da shi.

Ta biyun da na gyara haka ta zo mini, fari tas, mai ita yana ta murna. Na durƙusa a kusurwar baya ta hagu na sa turnabis a sandar ƙasa ban ma danna sosai ba ya nutse har mariƙi, da na zaro sai ga jar ƙasa tana zuba kamar garin kuka, gara ta cinye cikin sandar ta bar fatar fenti kawai ta cika ramin da ƙasa. Da muka ɓare falen bangon sai ga hanyarta ta hau har rufi ta tsallaka ɗaya gefen. Bangon baya gaba ɗaya sai da muka sake shi. Kusurwa ɗaya ko biyu aikin sati biyu ne wannan ba abin tsoro ba, amma in ka samu kusurwa huɗu da daɓe da bakin rufi duk sun tafi to sabon ɗaki za a gina bisa tsohon shasi, sai ka yi ciniki a kan kuɗin shasi kaɗai.

Daga nan ka shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashi. Ka bi dogayen ƙarafan shasin da ido daga kan ƙugiya har baya, ka ƙwanƙwasa da guduma, tsatsar sama da ke goguwa ba komai, wadda ke ɓarewa fale-fale ko tsaga kusa da inda aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya kama ita ce matsala, ka kuma tsaya nesa ka hango ko ƙarfen gaba mai kamar baka ya karkace. In shasin baƙin ƙarfe ne mai fenti muna iya ƙara masa ƙarfe mu walda. In kuwa mai ruwan toka ne da aka tsoma cikin tutiya irin na kamfanin AL-KO, masu ƙera shi sun hana a yi masa walda ko a huda shi, kuma hayaƙin tutiya in ana walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, wannan sai dai a sake guntun da bulon. Aksil ɗin yawancinsu ba sifirin gare shi ba, roba ce aka cusa cikin bututu ita ke ɗaukar girgiza, kuma robar da ta shekara 15 da nauyi bisa kanta cikin zafin nan da wuya ka same ta da rai. Ka sa jak ka ɗaga, in hannun da ke riƙe da taya ya sauko ƙasa da ɗan dama to da saura, in ya tsaya ƙiƙam ta sandare. Ka juya tayar ka saurari rulma, wato boris ɗin da take juyawa a kai, ka girgiza ta sama da ƙasa.

Taya kam kar ma ka sa ta cikin lissafi, sabuwa za ka saya ko zanen na nan kamar jiya aka yi. A gefenta bayan inda aka rubuta DOT akwai lamba huɗu na ƙarshe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga lamba uku ce kawai to kafin shekarar 2000 aka yi ta. Ka nemi mai harafin C irin ta ƙananan motocin kaya, ka haɗa da ta ajiya saboda faci.

Takarda

Nan ne mutane suka fi ƙonewa. A ƙarfen gaba ko kusa da ƙofa akwai ɗan filak da aka buga lambar shasi da nauyinta, ka goge ka ɗauki hoto. Kayan proje da yawa da rangwamen duwan suke shigowa, ma'ana ba a biya musu kuɗin fito ba kuma sunan projen ne a takarda, to in suka tashi suka ce wa maigadi ko mai gida "mun bar maka" da baki, wannan kyauta ce tsakaninsu amma ba ta wanke ka gaban jandarma a hanyar Tanut ba. Ka tambayi dattijon cikin ladabi ko sun bar masa wata takarda, kart giriz, wato takardar mallakar abin hawa, ko ta kyauta mai hatimi. A Faransa duk karaban da nauyinta da kaya ya wuce kilo 500 tana da kart giriz nata da lambarta daban da ta mota, don haka akwai yiwuwar wata tsohuwar takarda na nan cikin adaka. Ni ba ma'aikacin duwan ba ne, ka ɗauki hoton filak ɗin ka je wurinsu da wurin masu kula da sufuri su faɗa maka abin da za a biya kafin ta samu lamba, tun ba ka ba da ko dala ba, kuma ranar ciniki a rubuta takardar saye da shaidu, ƴaƴan dattijon manya su sa hannu, a kai a buga mata hatimi. Wannan ba rashin yarda ba ne, rai ne ba a hannunmu yake ba, gobe kar a ce kayan gado ka ɗauka.

In ka saya, daga ƙasa ake farawa

Ta farkon da na taɓa gyarawa daga ciki na fara don mai ita yana son ya ga canji, muka sa sabon falen katako, sabbin katifu, labule, fenti, ta yi kyau ƙwarai. Ruwan Agusta guda biyu kawai aka yi ya dawo mini da ita bangon gaba ya kumbura katifa ta yi baƙi, don ban taɓa bakin rufi ba. Na sake aikin daga aljihuna kuma har yau abin na damuna don kuɗin bawan Allah da lokacinsa na ɓata. Tun daga ranar tsarina ɗaya ne: shasi da aksil da birki da taya, sannan daɓe, sannan ƙashin bango, sannan a toshe ruwa daga waje, sannan wayoyi, ado shi ne na ƙarshe.

Kan aksil zaɓi biyu gare ka. Ko a nemo irin nasa na roba, wanda samunsa nan sai an sa a kawo, ko mu sa mai sifirin na ƙaramar mota, wanda ke ɗaga ta sama kaɗan ta daina dukan ƙasa a kwazazzabo kuma kowane makaniken ƙauye zai iya taɓa shi. Ga hanyoyinka ni na biyun zan zaɓa, amma da sharaɗi biyu. Sifirin ya zama mai taushi daidai nauyinta, a rage ganye in ya kama a sa amortisa mai shanye girgiza, don in ka sa mai tauri na motar kaya jikin katakon nan ne zai sha duka, cikin wata shida kabad sun zubo. Na biyu birki. Irin nata birkin turi ne, in mota ta taka birki karaban ta turo sai ƙugiyar ta shige ciki ta ja waya ta kama tayoyi, kuma a Turai duk wadda ta wuce kilo 750 dole ne ta samu shi. Masu sake aksil da yawa suna yar da wannan su ce Hilux za ta riƙe, kar ka yarda, a nemi dabarar haɗa wayar da sabon gangan birki.

Ƙashin bango da farin katako busasshe ake mayar da shi ba ja ba, ja ya yi nauyi. A shafe shi da maganin gara ya bushe kafin a rufe. Baƙin mai da mutanenmu ke shafawa ka bar shi ga ƙarƙashin daɓe kawai, a ciki wari zai hana ka barci kuma gam ba ya kamawa a kansa. Gam ɗin masu takalmi kuma kar ya taɓa farin soson nan, narkar da shi yake nan take, wayar kuran ma kar a kwantar da ita tsirara jikin soson, a zura ta cikin tiyo don da daɗewa robar wayar na lalacewa. Wurin toshe ruwa kuwa abin da na fi roƙonka shi ne kar ka bari wani ya bi bakin rufi da silikon ya ce an gama, silikon ba ya daɗewa jikin alminiyon mai motsi, zai ɗago ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa kuma bayansa ba abin da ke kama wurin sai an kankare tas. A kwance ƙarafan bakin ɗaya bayan ɗaya, a kankare tsohon danƙo, a sa sabon danƙon butil mai zama da taushi, a cike tsoffin ramuka da tsinken katako da gam, a ɗaure da sukurori na inoks waɗanda ba sa tsatsa. Aiki ne mai cin rai, kwana huɗu biyar yaro na kankara, amma shi ne gyaran.

Ka kuma kula da nauyi. A filak ɗin nan ka cire nauyinta ba kaya daga nauyin da aka yarda mata, abin da ya rage shi ne duk abin da za ka iya zubawa, kuma za ka ga ba shi da yawa, sau da yawa wajen kilo 200 ne. In kafinta ya sa maka katako mai kauri da karo a daɓe ya cinye rabon kayanka tun ba ka ɗora jarkar ruwa ba. Katan-katan na magani a bayan Hilux za su zauna.

Zafi, kuran da gaz

An yi ta ne don sanyin Turai, akwai ma abin ɗumama ɗaki a yawancinsu, cire shi ka samu wurin ajiya ka toshe bututunsa na rufi da kyau. Rufi a yi masa farin fenti, sannan fano na sola ka ɗora shi da tazarar kamar yatsa huɗu iska na bi ƙarƙashi, ya zama rufi na biyu irin dabarar tsoffin Land Rover. Fano mai wat 200 zuwa 300 da batir mai amfiya 100 sun ishe ka fitila da fanka da cajin waya da ƙaramin firigo, ka tuna batirin ruwa rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, a sa fis kusa da kansa, akwatinsa ya samu hujin iska. Kilim kam wannan kayan ba za su ɗauka ba. Tsoffin wayoyin bolt 220 a zare su duka a sa sabbi, ɓera ya riga ka zuwa wurin.

Firigon da ke cikin irinsu yawanci mai aiki da gaz da batir da kuran ne, ba kwamfaresa gare shi ba, sai ya zauna daidai ba karkace yake sanyi, kuma in zafin waje ya haura digiri 35 ƙarfinsa raguwa yake sosai. Kai da ke ɗauke da allurar rigakafin dabbobi wadda ke son sanyi tsakanin digiri 2 da 8 kar ka dogara da shi ko kaɗan, ka sayi mai kwamfaresa na bolt 12 ka sa ma'aunin zafi ciki. Gaz ba sana'ata ba ce, kullum mai aikin gaz nake kira ya sake tiyo da detanda, wato kan da ke daidaita ƙarfin gaz, ya gwada da ruwan sabulu. Abin da na sani shi ne butel ɗin gaz a akwatin gaba take zama kuma hujin da ke ƙasan akwatin kar a toshe shi, gaz ya fi iska nauyi ta nan yake fita in ya tsiyaya. Ni da za ka ji tawa ma girki a waje ƙarƙashin rumfa. Kuma dan Allah lokacin hunturu kar sanyin Janairu ya sa ka shigar da gawayin shayi ciki ka rufe ƙofa, ɗakin ƙarami ne, hayaƙin gawayi ba shi da wari, barci kawai mutum zai ji, daga nan ba tashi.

Jan ta a hanya

Ƙwallon ƙugiyar Turai milimita 50 ne, a nemo na gaske a ɗaure shi jikin shasin Hilux da bulon masu ƙarfi, ba a jikin bamba ba. Nauyin da ke sauka kan ƙwallon ya zama wajen kilo 50 zuwa 75, kana iya auna shi da sikeli da guntun katako. Kaya masu nauyi a ƙasa daidai kan aksil, in ka tara su baya za ta fara kaɗa wutsiya musamman in babbar mota ta wuce ka a hanyar Gure, in haka ta faru ka ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari sak, kar ka danna birki da ƙarfi. A kwalta kar ka wuce 70, a jar hanya mai gargada ka bi a hankali ƙwarai kuma duk dawowa ka bi sukurori ka ɗaure. Mirriya da Matamai da Gidimuni in ka tsaya bakin babbar hanya ba ta da matsala, amma ƙauyukan cikin rairayi wajen Tanut za ta zame maka turke, ka ajiye ta ƙofar gidan maigari ka shiga da mota kaɗai, kwana ma a cikin gari kusa da mutane ba a daji ba.

Kan jaka 600 kuwa, ban gan ta ba don haka ba zan yanke maka farashi daga zaune ba, ba a cinikin biri a sama. Amma ka sa a ranka duk wadda na gyara kuɗin gyaran ya fi kuɗin sayen, to in jaka 600 ɗin su ne duk abin da ke hannunka ka dakata, gara mu ƙera maka rumfar kwana bisa bayan Hilux. In kana da ninkinsu a gefe kuma shasi ya fito lafiya takarda ta samu, zan ce ka saya, ka kuma nuna wa dattijon wuraren da suka ruɓe da idonsa a yi ragi cikin mutunci. Ka je jibi da safe ka ɗauko mini hoton kusurwa huɗun nan na ƙarƙashin gado, da filak, da aksil bayan ka ɗaga da jak, in ka ga abin ya rikice maka ka biyo ta gareji bayan la'asar mu tafi tare in sa mata turnabis da kaina.